Gurbin da Ya Ci Shanun Hamidu

Hamidu Bafillace ne, a gefen Burumburum aka yanke masa cibiya, kuma bai taɓa nisa da garin ba. Da damina ya noma dawa da masara, da rani ya kwantar da shanunsa a gonar amininsa Ɗanasabe su zuba masa taki. Tare suka tashi. Ɗanasabe ne ma babban aboki ranar da Hamidu ya auri Luba.

A ranin 1989 shanunsa suka fara mutuwa. Saniya za ta sha ruwa a rafi, ta dawo tana dalalar da miyau, jiki na rawa, kafin a kawo wuƙa ta faɗi.

Ɗanasabe ya ce masa, "Masu wanke kuza ne can sama wajen duwatsu. Ba ka ga ruwan ya yi ja ba?"

Hamidu ya ɗauki sanda ya haura wurinsu. Magana ta yi zafi, wani ya fasa masa goshi da ƙotar shebur. Bai haƙura ba, ya yi ta sintiri zuwa ofishin ƙaramar hukuma a Tudun Wada har aka turo mai awon ruwa daga Kano, wani Malam Rufa'i, da akwatin kwalabe. Hamidu ya shige gaba suka bi rafin a ƙafa. Duk inda ruwa ya taru ko wata ƙorama ta shigo, sai Malam Rufa'i ya cika kwalba ya rubuta sunan wurin a jikinta.

Bayan 'yan makonni ya dawo da sakamako.

"Malam Hamidu, jan da ka gani laka ce, ba ta kashe saniya. Daga wurin masu kuza har gurbin Kuka ruwa lafiya lau. Daga gurbin guba ta fara, kuma maganin feshin wake ne, irin wanda wasu ke zubawa a ruwa don kashe kifi. Wa ke kamun kifi a wurin?"

Nan take Hamidu ya gane. Gurbin yana ƙasan lambun Ɗanasabe, kuma a ranin nan Ɗanasabe ya fara kai bandar kifi kasuwa kwando-kwando, alhali ko komar kamun kifi ba shi da ita.

Hamidu ya same shi yana ban ruwan tumatir.

"Ɗanasabe, ka san ruwan nan shanuna ke sha."

"Wallahi na ɗauka ruwa zai tafi da shi."

"Da saniya ta fari ta mutu fa? Kai ka kama mini ƙafarta muka ja ta daji. Sannan ka tura ni wurin mutanen da ba su yi mini komai ba."

Ɗanasabe ya sunkuyar da kai.

Dagaci ya hana zuba magani a rafi, ya ce Hamidu ya kai ƙara, amma Hamidu ya ƙi. Sai dai ya koma wurin masu kuza ya nemi gafararsu. Da aka yi girbi ya ɗaure kaya, ya kora ragowar shanunsa zuwa Badafi, Luba na kuka don ta bar danginta.

Dattawa sun yi ta zuwa ba shi haƙuri a madadin Ɗanasabe. Yakan shimfiɗa musu tabarma, a dama musu fura, ya ce ya yafe saboda Allah, amma ba ya son ya haɗa ido da Ɗanasabe. A Badafi ya rasu cikin 1998, bai sake taka Burumburum ba.