Butar Shayina da Wayar Ishaya

Labarin ya same ni da safen nan ina cikin ɗaura ɗankwali. Ishaya ya rasu.

Matarsa Rifkatu ce ta kira ni. Ta ce jiya da yamma ya dawo daga wani aiki a Gonin Gora, ya ce kansa na sara, ya zauna a kujera. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Na ce mata, "Wane Ishayan?" Sai ka ce ina da wani.

Ga waɗanda ba su san shi ba, ɗalibina ne tun ina koyarwa a firamare. Ya girma ya zama mai haɗa wa mutane intanet a gidaje da ofisoshi. Furfura ta fara fito masa, amma bai daina ce min Malama ba, kuma bai daina cire hula in zai shigo falona ba.

Bayan rasuwar maigidana na zauna ni kaɗai a gidan nan na Sabon Tasha. 'Ya'yana biyu, ɗaya a Legas, ɗaya a ƙasar waje. Tsoronsu ɗaya ne, kuma nawa ne ni ma, ko da yake ban faɗa ba: in faɗi a ɗaki, ko in kwanta in kasa tashi, babu wanda ya sani sai an ji shiru ya yi yawa.

Suka ce a sa min kyamara a falo. Na ce ban yi wa kowa sata ba. Ba zan zauna wani Bature da ban sani ba yana kallona ina sosa ƙafa.

Ishaya ne ya raba gardamar. Ya zo da tsohuwar kwamfuta ya ɗora a kan kabad, ya ce sunanta saba, duk abin da ta sani a gidan nan zai tsaya, ba ya zuwa wurin kowane kamfani. Ya haɗa ta da rauta, akwatin da ke kawo intanet, da batirin sola saboda ɗauke wuta. Sannan ya tsaya yana kallon kicin ɗina.

"Malama, me kike yi kullum da safe, ko ana ruwa ko ana rana?"

Na ce, "Addu'a."

"Ba ni da na'urar da ke jin wannan. Sai me?"

"Shayi."

Sai ya sa wa butar lantarkina wani ɗan soket mai wayo. In na dafa ruwa, saba ta san na tashi, ta yi shiru. In hantsi ya yi ban dafa ba, saƙo ya tafi wayar Ishaya. Shi ke nan. Ba ido, ba kunne.

Mu da muka tashi a kan tatsuniya, mun saba jin ƙwarya ta yi magana, tukunya ta kai ƙara. Ban zaci zan tsufa in ga butata ta koma 'yar rahoto ba.

Satin farko na ga sabar nan tsirara a kan kabad, na ji kunya, na lulluɓe ta da ƙyallen saƙa irin wanda nake rufe talabijin. Ta yi zafi ta mutu. Ya zo ya ɗaga ƙyallen da yatsa biyu, ya ce, "Malama, wannan ba amarya ba ce."

Sai lokacin azumin cocinmu na farkon shekara. Na tashi lafiyata ƙalau, ban nufi kicin ba. Ina zaune ina waƙa a hankali, waya tana ɗaki, sai na ji ana dukan get kamar za a ɓalle shi. Ishaya ne, da silifas ɗin wanka, mai acaɓa na tsaye a bayansa. Da ya gan ni sai ya zauna a dakalin ƙofa ya rufe fuska.

Da ya samu numfashi ya ce, "In za ki yi azumi ki riƙa gaya min."

Na ce, "Azumina tsakanina da Allah ne, ba ruwan akwatinka."

Ya ce, "To ki dafa ruwan, ba sai kin sha ba."

Tun daga ranar, ko ina azumi sai na dafa. In ya huce in zuba wa tumatir.

Ganina da shi na ƙarshe ranar Asabar ɗin da ta wuce ne. Ya zo duba batir. Na ba shi kunun gyaɗa, ya sha rabi, shi da yake neman ƙari. Yana tattara kayansa ya ce, "Ya kamata in ƙara lambar wani a abin nan, kada ta zama tawa kaɗai. Wa zan sa?"

Na yi ta tunani. Maƙwabtana na dā duk sun tashi, sababbin kuwa gaisuwa ce kawai ta haɗa mu. 'Ya'yana in sun ga saƙon, me za su yi daga can ban da kuka? Hadari ya taso, na ce ya tafi kada ruwa ya tare shi, sai wani zuwan.

Ya ce, "To ki yi tunani, Malama. Aikin gida na ba ki."

Yau bayan Rifkatu ta ajiye waya ban motsa daga bakin gado ba. Ban san hantsi ya yi ba sai da wayata ta sake ƙara. Na duba, sunan Ishaya ne a jiki. Na ɗauka.

Rifkatu ce. Muryarta ta dishe. Ina jin mata suna waƙa a bayanta.

Ta ce, "Mama, wayarsa ta ce ba ki sha shayi ba. Lafiya kike?"

Matar da mijinta ke kwance a mutuware, ita ke tambayar lafiyata.

Na ce lafiya lau. Ta ce in tashi in sa ruwa, za ta riƙe wayar har a kai shi gida a binne. Ba ta faɗi wanda zai riƙe ta bayan nan ba, ni ma ban tambaya ba. Har yanzu ban samo sunan da ya ce in nemo ba.

Na sa ruwan. Ya tafasa, ya huce a inda yake.

Ubangiji ya karɓi bawansa Ishaya, ya ba shi hutu a wurinsa. Ya riƙe Rifkatu da yaransu, ya share musu hawaye. Ku da kuka karanta har nan, ko kun san shi ko ba ku san shi ba, ina roƙonku ku ambaci sunansa a addu'arku ta yau. In da sauran wuri, ku sa da ni.