Ranar da Na Sauka Daga Keke a Ƙofar Surukina

Shekaru sun ja, gwiwoyina ma yanzu ba sa yarda in hau keke, amma akwai wata safiyar Asabar da na san ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Mahaliccina. Duk ranar da na tuna ta sai na yi dariya ni kaɗai, wani lokaci kuma dariyar ta ƙare da ƙwalla.

A lokacin ina malamin firamare a wani ƙauye kusa da Tambuwal, zamanin da kuɗin mai suka shigo ƙasa, kowane ofis yana neman abin da zai yi a ce ya yi. Aka kawo mana wani jami'in wasanni, saurayi ne da ya dawo daga kwas kansa cike da dabaru. Ya ce ƙwallo da dambe kowa ya san su, shi sabon abu zai kawo. Za a shiga tafki a ƙetare shi da iyo, a fito a hau keke a zagaya ta ƙauyuka, a ajiye keken a ƙarasa da gudu zuwa filin makaranta, duka a jere ba hutu. Ma'aikatan Tambuwal da na Kebbe za su kara, wanda ya zo na ɗaya ya ɗauki rediyo mai kaset. Dattawan gari suka ce yaron nan rashin aikin yi ke damun sa. Ni kuwa da na ji, jikina ya ba ni cewa tawa ce ta samu. A tafki na girma, kuma kullum a kan keke nake keta rairayi zuwa makaranta.

Sai dai ina da wata damuwa da ta fi rediyo. Matata ta tafi gidan iyayenta goyon ciki, ta haifi 'yarmu ta fari, ta gama wanka, amma shiru ba a dawo mini da ita ba. Watanni suka shuɗe. Na tura baffana ya yi magana, amsar da ya kawo ita ce a ƙara haƙuri. Surukina babban malami ne, gidansu gidan karatu ne tun kakanni. Tun da aka ɗaura aurenmu bai taɓa duba na ido cikin ido ba. In na je gaisuwa yakan kawar da kai, ya amsa a taƙaice. Na kuma ji ƙishin-ƙishin cewa wani ya kai masa labari ana gani na da gajeren wando ina bin yara da ƙwallo a fili. Na haɗa wannan da wancan na yanke wa kaina hukunci: Malam bai ɗauke ni mutum ba, nema yake in ba shi dalili ya riƙe 'yarsa. Ɗakina ya yi mini faɗi, ina kewar matata, yarinyar kuma tana girma ba a gabana ba.

Da aka nuna mana hanyar keken sai na ga ta ƙofar gidan Malam za ta bi, a wani ƙauye kan hanyar Jabo. Na samu wani abokin aikina ɗan garin na tambaye shi. Ya ce, "Kwantar da hankalinka. Malam ba shi wuni gari ran Asabat, karatu shika zuwa bayarwa ƙetaren gulbi." Da wannan na sa sunana.

Ranar gasar, lokacin kaka ne, tafkin ya cika ya yi sanyi. Jama'a sun yi dafifi a bakin ruwa, mafi yawansu sun zo ne su ga akawuna da malaman makaranta ba riga. Sarkin ruwa yana cikin kwale-kwale da manyan goruna, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya ya girgiza kai, ya ce, "Duk wanda yaj ji ya gaji shi kama gora, ba abin kunya ba na." Aka busa usur muka faɗa. Wani ya ɗirka mini ƙafa a haƙarƙari, na sha ruwa har ta hanci. Wani akawu mai tumbi bai yi nisa ba ya rungume gora yana salati. Wanda ya riga kowa fita wani ƙato ne daga Kebbe, ma'aikacin asibitin dabbobi, yana yanka ruwa kamar tarwaɗa. Ni na fito cikin na gaba-gaba, na zura singileti a jiƙaƙƙen jiki, na ɗaura takalman kambas, na haye kekena.

A kan keken ne na nuna musu ni ɗan rairayi ne. Inda suke sauka suna turawa, ni na san gefen da ƙasa take da tauri. Na wuce su ɗaya bayan ɗaya, har na cim ma ƙaton Kebbe. Da na gota shi ya ɗaga murya yana haki, "Malam, ina za ka da sauri haka? Ba a kaɗa ƙararrawa ba tukuna!" Na ce masa ya gaishe mini da shanu. Iska tana kaɗa ni, gero a tsaye hagu da dama, ba kowa a gabana sai jami'in wasanni a kan babur ɗinsa. Ban taɓa jin daɗin jikina irin na wannan lokacin ba. Har na fara tunanin inda zan ajiye rediyon.

Ina karya kwanar shiga garin na hango su. Ƙarƙashin durumin da ke bakin hanya an shimfiɗa tabarmi, dattawa sun jeru, a tsakiyarsu ga farin rawanin da na sani.

Wanda bai tashi a wajenmu ba zai ce abin mai sauƙi ne, ka ɗaga hannu ka wuce. Mu kuwa suruki ba a wuce shi a kan abin hawa. Tun daga nesa ake sauka, a cire takalmi, a durƙusa. To amma kuma ba a zuwa gaban suruki da gajeren wando jiƙe sharkaf, cinyoyi a waje. In na wuce na zama marar tarbiyya, in na sauka na zama mahaukaci, kuma ko wanne na zaɓa, a ganina, matata ta ƙara nisa. Ban gama shawara da zuciyata ba na ji hannuwana sun matse birki. Na jingine keken, na tsaya na kwance igiyar kambas, na rarrafa na durƙusa a gefen tabarma.

"Allah shi gafarta Malam, ina kwana?"

Ya kawar da kai kamar yadda ya saba. "Lahiya lau. Ina gajiya?"

"Ba gajiya." Ina faɗa ina haki kamar wanda kura ta koro.

"Ina aiki?"

"Da godiya."

"Ya mutanen Tambuwal? Ya wajen su baffanka?"

A nan na ji ƙarar sarƙar keke a bayana. Ƙaton Kebbe ne ya wuce, har da kaɗa mini ƙararrawa. Na ga Malam ya bi shi da ido, muƙamuƙinsa yana motsi, ya ja tsaki a hankali. Na ce a raina shi ke nan, tsakin nawa ne. Sai ya zare mayafin da ke kafaɗarsa, ba tare da ya dube ni ba, ya turo shi gabana. Na ɗauka na lulluɓa. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige.

Gaisuwa kuwa ba ta ƙare a kansa ba. Ga ladan, ga ƙanen Malam, ga wasu tsofaffi biyu, kowa da haƙƙinsa. Ɗaya daga cikinsu kunnensa ya yi nauyi, sai da na maimaita masa cewa kaka ta yi kyau. Kekuna suna ta wucewa, wasu suna dariya, wasu suna sunkuyar da kai don su ma sun san abin da ake ciki. Daga ƙarshe ladan ya raɗa wa Malam wani abu, shi kuma ya ce da sauri, "To, to, a gaida gida." Na ja da baya, na ɗauki takalmana a hannu, na tura keken sai da na fita daga idonsu sannan na hau.

Sauran gasar ba wani abin alfahari a ciki. Mayafin ya zame mini kaya, don ba a yar da tufar malami a hanya, ba a kuma ba wani ajiya. Na naɗe shi a wuya na taka iya ƙarfina, na kamo wasu. Da na ajiye keken na fara gudu, ƙafafuna suka zama kamar ba nawa ba, ciki ya ɗaure, bakin mayafin yana ta dukan fuskata. 'Yan kallo suna ihu, "Ga alhaji! Ga alhaji da mayahi!" Na shiga filin makaranta na biyar. Ƙaton Kebbe yana zaune rungume da rediyonsa, ya matsa mini wuri a inuwa ya miƙo mini ruwa. Ya ce, "Wallahi naka na, Malam. Amma ni ma da nawa surukin na, da na sauka." Wannan maganar ta ɗan sanyaya mini rai, har yau ina yi masa addu'a.

Kwanakin da suka biyo baya ban ji daɗinsu ba. Na rasa rediyo, na zama abin labari a kasuwa, kuma na tabbata na ba Malam dalilin da yake nema. Na sa aka wanke mayafin aka goge, na ajiye shi ina kallo, na kasa mayarwa. Sai ranar Juma'a na yi ta maza, na sa babbar riga da hula, na tafi bayan an sauko daga masallaci. Malam ba ya zaure. Aka yi mini iso zuwa cikin gida, matata ta fito da yarinyar a kafaɗa. Tana gani na da mayafin a hannu ta fashe da dariya, har sai da ta zauna. Raina ya ɓaci. Na ce in an gama da ni a faɗa mini kawai.

Ta share ido ta ce, "Kai ba ka san komi ba. Tun da Baba yaj ji kana cikin tseren ga ya aika ƙetare yac ce ba shi zuwa karatu. Shi yas sa anka kai mai tabarma bakin hanya, ya kira su ladan, yac ce su zo su gani, surukinai na ciki kuma an ce ba mai kama shi bisa keke. Da yag gane ka gaba har miƙewa yat tashi yi. Sai ga ka ka sauka."

Ta gyara wa yarinyar zama ta ci gaba.

"Ya shigo gida ko tuwo bai ci ba, yana ta hwaɗin, wa yas sa shi sauka? Wa yas sa shi? Ka gaishe shi, dole shi amsa, ba shi iya ce maka tashi ka tahi gaban mutane."

Na ce, "To mayafin fa?"

"Rawar ɗari yag ga kana yi."

"To da na wuce?"

Ta ɗan yi tunani. "Da ka wuce, da yau ba ka shigo gidan ga ba." Muka yi dariya tare. Na tambaye ta dalilin riƙe ta duk tsawon watannin nan. Ta nuna yarinyar da haɓa. Ashe kullum bayan la'asar sai an kai wa Malam ita zaure, ya ɗora ta a cinya yana kiran ta amaryarsa. Duk ranar da aka yi zancen komawarsu sai ya ce a bari ta ƙara ƙwari. Kawar da kai da yake yi kuma, in ji ta, kunyata yake ji kamar yadda nake jin tasa.

Muna cikin haka sai surukata, wadda ita ma ba ta yi mini magana kai tsaye, ta ɗaga murya daga bayan zana kamar da 'yarta take. "Ke, hwaɗa ma mijinki Malam yac ce jibi a zo a ɗauke ku. Yac ce ya sa shi ya rasa rediyo, ba shi ƙara hana mai iyali. Kuma baɗi in za a sake, a hwaɗa mai da wuri shi bar gari."

Ba a sake yin gasar ba, an yi wa jami'in wasannin canjin wurin aiki kafin wata kakar. Malam ya rayu shekaru masu yawa bayan haka, kuma har ya bar duniya bai taɓa ɗaga mini zancen ba, ni ma ban ɗaga ba. Na ci gaba da sauka tun daga nesa, shi kuma ya ci gaba da kawar da kai, sai dai daga ranar na san abin da ke ƙarƙashin hakan. Ranar da muka kai shi makwancinsa na yi kuka irin wanda ban yi wa kowa ba bayan mahaifina.

Abin da na koya shi ne kada in riƙa fassara shirun mutum da abin da ke cikin tsorona. Na daɗe ina ɗauke da ƙiyayyar da babu ita, ina gudun mutumin da ya ajiye karatunsa ya fito bakin hanya don ya ga na yi nasara. A wajenmu mutum yakan so ka har cikin ransa, kunya ta hana shi faɗa. Yanzu da nake da surukai nawa, in na ga ɗayansu yana kwance takalmi daga nesa, nakan daure in dube shi in yi masa murmushi, don kada ya sha wahalar da na sha. Allah ya jiƙan Malam, ya sa aljanna ce makomarsa.