Kaset ɗin da ban juya ba

Da damanar bana Kawu Nomau ya cika shekara goma sha biyar a kabari. Ya rasu a Tajaye ana tsakiyar noman farko, kuma har yau ina tuna cewa waɗanda suka ɗauki makararsa daga gona suka taho, ƙafafunsu duk ƙasa. Wan mahaifiyata Hajo ne, makaɗin noma ne, kuma a iya sanina bai taɓa riƙe alƙalami ba. Kowace shekara nakan yi niyyar rubuta wani abu a kansa, sai in fasa. Bana ban fasa ba, amma ba kewa kaɗai ta sa ni ba. Akwai wani dattijo da yake raye wanda na ci wa mutunci da muryar Kawu, kuma tunda ɓarnar a bainar jama'a ta faru, ina ganin gyaran ma a nan ya kamata ya faru.

Ga waɗanda aka haifa a birni, bari in faɗi yadda aikin Kawu yake. Idan aka yi gayya, manoma sukan jera da hauyoyinsu, shi kuma ya bi bayansu da ganga. Wanda ya yi gaba ya sha kirari, wanda ya yi baya ya sha habaici, kuma habaicin Kawu ba ya da sauƙi. Sai dai yana da wata ƙa'ida da ban taɓa ganin ya karya ba. Duk mutumin da ya taɓa da safe, ba ya barin a watse sai ya tsaya a gabansa, ya kira sunan ubansa da kakansa, ya faɗi alherin gidansu kowa na ji. Daga nan a kawo fura, mutumin ya fara sha, Kawu ya karɓi ludayin daga hannunsa ya sha a bayansa. Yakan kira wannan mayar wa mutum da rigarsa. A wurinsa waƙar ba ta cika ba sai an yi haka, kuma da zarar an yi, maganar ta mutu a gonar, babu mai ɗaukar ta zuwa gida.

Ina ɗan lise, wato sakandare, na ɓoye wa abokaina cewa kawuna makaɗi ne. Da na shiga jami'a a Yamai na tarar malamai suna girmama irin wannan kiɗa da manyan kalmomi, sai na fara alfahari da shi. Na daɗe ina tambayar kaina ko akwai bambanci tsakanin waccan kunya da wannan alfahari, domin a duka biyun ba Kawu nake kallo ba, idon mutane nake kallo. Ko ma dai mene ne, a hutun wata damana, shekara ashirin da bakwai da suka wuce, na iso Tajaye da rakoda da kaset-kaset, zan rubuta kundin kammala karatu a kan waƙoƙin noma.

Kawu ya juya rakodar a hannunsa, ya kanga ta a kunne, sannan ya dube ni.

"Isuhu, wanga akwati naka, in ya ji zagi, shina jin ban-haƙuri?"

Na yi dariya, na ce duk abin da aka faɗa yana ɗauka.

"To, kak ka bari ya tashi da rabin magana."

Gayyar ranar ta gonar wani dattijo ce, kuma cikin manoman akwai surukinsa, Illo ɗan Arzika. Illo ya dawo daga ci-rani kwana biyu kafin nan da zazzaɓi a jikinsa, amma ya ji nauyin a ce an yi gayyar surukinsa babu shi. Tun hantsi ya fara zama baya, har ya je ya jingina da wani gawo. Nan Kawu ya sauya kiɗa ya sa masa suna Illo Na-inuwa, ya ce gero ya gaji da jiransa, ya ce ya tafi kurmi ya sayo lalaci ya kawo wa surukai tsaraba. Gona ta ɗauki dariya. Ni kuma ina biye da rakoda, ina murna na samu abin da nake nema. Ana cikin haka gefen farko na kaset ya cika. Batir ya yi sanyi, sauran da nake da su kaɗan ne, kuma a lissafina na riga na kama wurin da ya fi armashi. Ban juya kaset ɗin ba. Na kashe rakoda, na koma inuwa na zauna ina rubutu. Duk abin da ya biyo baya na gan shi da idona, amma babu shi a kaset.

Na ci jarrabawa da wannan waƙa. Na zama malamin lise a Ƙonni, kaset-kaset ɗin suka kwanta a akwatin ƙarfe. Kawu bai sake tambayata labarinsu ba har ya rasu. A lokacin na ɗauka ya manta. Yanzu ina zargin ya yarda da ni ne, kuma wannan ya fi yi mini ciwo.

Shekara uku da suka wuce na lura zaren wasu kaset-kaset ɗin ya fara lalacewa, sai na kai guda biyar wurin Habu, mai shagon tura waƙoƙi a waya a kasuwar Ƙonni, don ya mayar mini da su kan memori. Ya yi mini alkawarin zai goge nasa da zarar ya gama. Bara ina tsaye a bakin hanya a Malbaza ina jiran mota, manyan motocin siminti suna wucewa, sai na ji muryar Kawu tana fitowa daga wayar wani ɗan kabu-kabu. An ɗora mata kiɗan inji, an yanke wurin da ya ce Illo Na-inuwa, an sa shi yana maimaituwa. Mai babur ɗin yana kaɗa kai. Na tambaye shi ko ya san mai waƙar, ya ce wani tsohon makaɗi ne na can wajen Sakkwato.

Na tafi wurin Habu da fushina. Ya saurare ni har na gama, sannan ya kira ni yadda ake kiran malamin makaranta a wurinmu, ya ce, "Mushe, wallahi ni ban ba kowa ba. Kai dai ka tuna wa kat tura ma." Har yau ban yarda da shi gaba ɗaya ba, domin sana'arsa ita ce abin da ya shigo shago ya fita a wayoyi ɗari. Amma maganarsa ta zauna, saboda akwai gaskiya a ciki. Na tura waƙar ga wasu tsofaffin abokan karatu biyu, da ɗan rubutu a ƙasa cewa ga muryar kawuna. Su ma kowa ya rantse. Na yi watanni ina auna mutum uku, ina neman wanda zan ɗora wa laifi, kafin in yarda cewa ko wane ne ya buɗe ƙofar, abin da ya fita rabin magana ne, kuma ni na raba ta.

A Tajaye abin ba dariya ba ne. Babban ɗan Illo ya same ni a wani zaman makoki ya gaya mini, ba tare da ɗaga murya ba, cewa tsohon ya daina zuwa kasuwa. Samari sukan kunna waƙar idan ya gifta. Jikokinsa a lakwal, wato makarantar boko, an sa musu suna jikokin Na-inuwa. Mutumin da ya shekara hamsin yana cika rumbu, ya aurar da ƴaƴa da guminsa, yanzu garinsu ya san shi da lalaci, kuma waɗanda suka halarci gayyar nan, waɗanda za su iya cewa ba haka aka ƙare ba, yawancinsu sun bi Kawu.

Ana cikin wannan ne wasu mutum biyu daga wani porje, wato shirin adana al'adu, suka zo mini daga Yamai, namiji da mace, masu ladabi, da takarda a hannu. Sun ji cewa ina da sauran kaset-kaset, suna so su sa su a wata taska da kowa zai iya saurara ta waya. Na tambaye su wa zai je ya nemi izinin mutanen da aka ambata a ciki. Namijin ya ce irin wannan gado na kowa ne, ba na mutum ɗaya ba. Macen kuwa ta rubuta wani abu a littafinta. Ba na tuhumarsu da mugun nufi. Abin da ya tsorata ni shi ne na gane muryar namijin, domin da irinta na yi magana ina ɗan shekara ashirin da uku. Na kuma lura cewa masu kiran Kawu babban mai fasaha a yau, da yawansu ba za su ba ɗan makaɗi ɗiyarsu ba. Muryarsa suke so, yanzu da babu shi balle ya ce a'a.

Nakan tambayi kaina abin da Kawu zai ce da ya ga wannan zamani. Ba na jin zai ƙi waya. Mutum ne mai son sabon abu, shi ya fara ɗaura rediyo a amalankensa a unguwarsu. Ina jin abin da zai ɗaure masa kai shi ne yadda ake yi wa mutum habaici ba a gabansa ba, ba don ya tashi ya yi wani abu ba, kuma babu wanda zai dawo da yamma ya tsaya a gabansa. Habaicinsa kayan aiki ne, kamar hauya. Yana da gonar da aka yi shi dominta, yana da lokacin ajiyewa. Mu kuwa mun iya adana komai, ba mu san lokacin ajiye komai ba. Duk da haka ina taka-tsantsan da wannan tunani nawa, domin yana da daɗi mutum mai shekara hamsin ya zagi zamani. Ba zamani ya hana ni juya kaset ba. A ranar babu waya ko ɗaya a Tajaye.

Watan jiya na ɗauki hanya na tafi wurin Baba Illo. Na same shi da la'asar a ƙofar gida yana tufka igiya. Ya amsa gaisuwata cikakkiya, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, bai nuna mini komai a fuska ba. Na faɗa masa duk yadda aka yi, ban rage ba. Sannan na fito da wayata na ce ina so ya ba da labarin ranar da bakinsa, in ɗauka, in watsa kamar yadda aka watsa waccan. A hanya na yi ta yaba wa kaina wannan dabara.

Ya dubi wayar, ya dube ni.

"Ɗan Hajo, da wanga abu anka tuɓe ni, da shi kaka son ka suturta ni? Aje shi. Kunnuwanka mi ya same su?"

Na mayar da ita aljihu. Ya ci gaba da tufkarsa na ɗan lokaci, sannan ya ce shi bai taɓa riƙe Nomau a zuciya ba, ko a ranar. Ya ce da ba don habaicin nan ba da ya kwanta a gindin gawo har a tashi, ya kunyata gaban surukinsa kunyar da ba ta wankuwa. Nomau ya san da zazzaɓin, kuma ya san abin da zai tashe shi. Daga nan, da murya ƙasa-ƙasa, yana buga gwiwarsa da tafin hannu, ya rera mini abin da Kawu ya faɗa a gabansa da yammacin ranar. Ya kira Arzika, ya kira uban Arzika, ya kawo rijiyar da kakansa ya gina wadda har yau ake sha. Bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ni da na rubuta kundi a kan waƙar ban riƙe ko baiti ɗaya na wannan gefen ba, shi kuwa ya shekara ashirin da bakwai yana ɗauke da shi.

Da ya gama ya yi kira cikin gida aka kawo fura. Ya sha, sannan ya miƙo mini ludayin. Na san abin da yake nufi, na karɓa na sha a bayansa. Na tambaye shi ko ya yarda in rubuta kirarin a jarida.

"A'a. Wancan nawa na. Kai dai rubuta wa yar riga kai bakin gona."

Kaset-kaset ɗin suna nan a akwati. Na aika wa mutanen porje cewa babu wanda zai fita sai an bi gidajen waɗanda aka ambata an ji ta bakinsu, ko ta bakin ƴaƴansu. Macen ta amsa cewa za ta zo a yi hakan tare, kuma ina jira in gani. Mai yiwuwa zaren ya ruɓe kafin a gama, kuma mai yiwuwa wata rana a ce na hana ƴan baya jin kakansu. Ban tabbata na yi daidai ba. Waƙar da ta fita kuwa ba ni da ikon dawo da ita, za ta ci gaba da yawo a babura tsakanin Ƙonni da Malbaza har a gaji da ita.

Na daɗe ina ɗauka cewa abin da ya rage na Kawu Nomau shi ne muryarsa da na kama. Yanzu na fi yarda cewa abin da ya rage nasa yana wurin wani tsoho mai tufka igiya, wanda aka zaga a gaban jama'a, aka mayar masa da rigarsa kafin rana ta faɗi, bai kuma manta ba. Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe mini rabin da na bari.

Saura saƙon da aka ba ni. Duk wanda yake da waƙar nan a wayarsa, ya sani cewa a ranar gayyar, bayan habaicin, Illo ɗan Arzika na Tajaye ya tashi daga gindin gawo da zazzaɓi a jikinsa, ya ɗauki hauyarsa, ya wuce manoman ɗaya bayan ɗaya, kuma shi ya riga kowa kaiwa bakin gona. Ina wurin, na gani. Rakodar ce take a kashe.