Ranar da Malam Kailani Ya Yabi Masara

Duk wanda ya san Tudun Wada ya san Malam Kailani mai masara, ko da ta haƙorinsa na gaba da ya gutsure wajen gwajin ƙwaya. Shekara talatin aikinsa ɗaya: da kaka ya ciji masara, ya kushe ta har manomi ya ji kunyar gonarsa, ya saye ta da araha, ya jibge a sito ya datse kwaɗo. Ba ya buɗewa sai damina ta yi nisa, abinci ya yi tsada. Shagon ɗinkina na jikin sitonsa, na sha ganin 'yan kasuwa suna yi masa magiya yana sakace. Bai taɓa faɗuwa ba, kuma bai taɓa bari mun manta ba.

A watan Agustan bara ya sayar da kaya kaf, kuɗi suka zauna jiran kaka. Sai ya shiga shagon Sochima mai sayar da wayoyi, ya tarar da ita tana murmushi ita kaɗai. Ta nuna masa wata kasuwar intanet da ake cinikin hotuna, kowane hoto da mai shi. Kasuwar na da kuɗinta, tokin. In ka saya ka kulle na wani lokaci, kullum a ƙara maka, kuma kamfanin kan fito ya saye tokin da kansa, farashi ya tashi.

Malam ya ce, "Ashe ajiya ce! Turawa sun gano sana'ata."

Ya zuba jarinsa duka. Da aka zo zaɓen wa'adi, ya dangwala yatsa kan wata goma sha biyu, don ladan ya fi tsoka.

Sochima ta ce, "Baba, wannan in ka kulle, ba mai buɗewa sai ranar ta cika. Ka ɗauki wata ɗaya, kaka na zuwa."

"Madam, ni za ki koya wa kulle kaya? Tun ba a haife ki ba nake yi. Kayana ne, ranar da na ga dama zan buɗe."

Gaskiyarsa ta wani ɓangaren. Duk kwaɗon da ya taɓa datsewa a duniya, makullin na aljihunsa.

A Oktoba kamfanin ya fara saye, farashi ya ninka uku. Sochima ta sayar da nata, ta kawo sabon janareta. Malam ya sha babbar riga ya isa shagonta, ya ce, "To, lokaci ya yi. Buɗe."

Ta nuna masa allon waya: saura wata goma. Ya nemi lambar manaja, babu. Ya tambayi garin da ofishinsu yake, ya ce zai je da goro a yi magana ta manya. Ta ce ita ma ba ta san ƙasar ba. Mun yi dariya ranar, Allah ya yafe mana.

Bayan mako biyu kamfanin ya daina saye, farashi ya gangaro ƙasa da inda ya fara. Lada kam ba su fasa ba, kullum sai an ƙara masa tokin da ba ya sayen gishiri. Har tukuici suka aiko masa, hoton wani kifi sanye da hula.

Kaka ta zo. Muntaka, manomin Dutsen Abba da ya shekara ashirin bai kai masararsa ko'ina ba sai wurin Malam, ya tsaya da mota cike a ƙofar sito. Ya leƙa ya ga ba ko buhu ɗaya. Tsallaken titi kuwa Suhaibu, abokin hamayyar Malam, ya riga ya fito da sikeli.

Malam ya zura hannu cikin buhun Muntaka, ya ɗauko ƙwaya ya ciza. Na dakatar da keken ɗinki ina jiran kushen da na haddace: da sauran danshi, ƙwayar ƙanana ce. Ya daɗe yana taunawa. Wallahi a nan dariyata ta ƙare, tausayinsa ya kama ni.

Ya ce, "Muntaka, shekara ashirin ban ga masara irin wannan ba. Ta bushe ƙarau. Tsallaka ka kai wa Suhaibu, kuma kada ka rage masa ko sisi."