Bencin Fauziyya

Duk wanda ya yi boko a unguwar Kilomita Biyar cikin shekara talatin ɗin nan, ɗuwawunsa sun san aikin Luƙman kafinta ko da bai taɓa ganin fuskarsa ba. Rumfarsa na wani lungu a bayan Titin Koudoukou, kuma benci yake yi, irin mai haɗe da teburin rubutu. Tsantseninsa har ya yi yawa, ƙusa ɗaya ta leƙo sai ya kwance aikin duka.

Da ya fara sana'a, makarantar gwamnati ce kawai can nesa, sai na allo a zauruka. Daga baya 'yan kasuwa suka gina ta Faransanci da Larabci, shi ya yi mata benci sittin da jan katako. Rikici ya zo, makarantu suka rufe. Da aka samu lafiya kuwa, sai ga su suna tsirowa ta ko'ina: sito ya zama makaranta, gareji ya zama makaranta, har tsohon shagon taya aka shafa wa shuɗin fenti aka rataya masa suna. Luƙman, bawan Allah, ya ɗauka aiki zai yi masa yawa. Ina! Ba wadda ta aiko a yi mata ko kujera ɗaya.

Da jikarsa Fauziyya ta cika shekara shida, ya ce shi zai zaɓa mata makaranta, kuma benci zai duba, don yarinyar ta samu inda za ta zauna ta yi rubutu kamar mutum. Wata Talata ya shiga makarantar wani Sharafaddeen, ya tarar da aji fes, bencuna a jere. Ya shafa ɗaya, ya gane aikin hannunsa ne tun na da. Nan take ya sa ta.

Bayan mako biyu uwar yarinyar ta fara mitar wanki, wai kullum bayan rigar Fauziyya baƙi ƙirin. Luƙman ya koma ba sanarwa. Ya tarar ba benci ko ɗaya a ajin. Yara sun fi saba'in a ƙasa kan buhunan siminti, ruwan kwata yana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, ƙudaje na bin bakunansu.

"Malam Sharafaddeen, ina bencunan?"

Mutumin ko kunya babu, har da dariya. "Ai Baba, ranar zuwan sufeton makarantu ka zo. Na aro ne. Duk makarantar da zai duba, can ake tura su da sassafe. Kowa haka yake yi."

Tir! Ashe tsofaffin bencunansa ne ke zagaya unguwa a amalanke, suna rufa wa maƙaryata asiri. Luƙman ya fita ya tofar da yawu a bakin ƙofa. Ya leƙa wasu makarantu uku, duk ƙazantar ɗaya ce.

Kwana uku ya yi yana fere katako. Ya haɗa benci sabo, ya kai shi ajin da kansa, ya zaunar da Fauziyya da ƙawayenta biyu.

"Ga naki, amarya. Kada wanda ya tashe ki."

Ba a yi wata ba, yana tsaye a bakin titi da safe, sai ga amalanke ana turawa tsakanin babura, bencuna jibge, sabon can a sama, ƙafafu a sararin Allah.

Da azahar Fauziyya ta dawo. Ya hango ta ta tsaya a bakin lungu tana kakkaɓe bayan rigarta da sauri don kada ya gani. Da ta lura ya gan ta, ta ƙaraso a hankali.

"Kaka, kada ka ji haushi," ta ce. "Yanzu na iya rubutu a kan gwiwata."