Mai Tsaron Ƙofar Sarandosa

Surajo ya baro Jega da mahaifiyarsa Gudiya da ƙannensa, za su gaida kawunsa Arzika a Sarandosa, karon farko tun rasuwar mahaifinsa. Da suka iso, da ƙyar ya gane garin. An rushe ganuwa an fitar da sabuwar hanya irin ta Nasara, kowa na shiga ta inda ya ga dama.

Wani tsoho kaɗai ke zaune inda ƙofar gari take a da, tsakanin tarin ƙasa biyu da ba su kai gwiwa ba. Dogo ne, ramamme, rigarsa ta saƙi ta koɗe amma wankakkiya ce. Duk wanda ya wuce ta gefe sai tsohon ya bi shi da ido. Surajo na zaton shi ke tsaron ƙofar tun kafin zuwan Turawa, kuma ba wanda ya zo ya ce masa aikin ya ƙare.

Jakinsu ya miƙe bisa sabuwar hanya, sai tsohon ya tashi tsaye.

"Baƙi, ta nan ƙohwa take."

"Baba, wace ƙohwa kuma?" in ji Surajo.

"Kai, yi shiru," Gudiya ta ce. Ta karkato da jakin zuwa tsakanin tarin ƙasar, ta durƙusa ta gaishe shi.

"Daga ina, ɗiyata? Gidan wa?"

"Daga Jega, Baba. Gidan Arzika mai albasa."

Tsohon ya dube su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya matsa gefe.

"Ku shiga lahiya."