Fentin da Na Yi wa Motar Kawuna

Shekarun baya, lokacin da nake ganin babu wanda zai gaya mini wani abu a harkar mota, na yi wa kawuna wani alheri a Jidda wanda har yau in na tuna sai kunya ta kama ni, daga baya dariya ta biyo.

Kawun nan yayan mahaifiyata ne. Tun ƙarshen shekarun saba'in yake Jidda, yana tsaron sito a wani kantin kayan gini a unguwar Sa'alaba, kuma bai taɓa canza kafili ba, wato ubangidan da ke tsaya wa baƙo a takardun zama. Shi ya nemo mini biza na zo na sami aikin kai kaya a wani babban kanti a unguwar Safa. Kafin zuwana na yi shekara shida a garejin gyaran jikin mota a Kaduna, kuma waɗannan shekaru shidan su suka kumbura mini kai.

Ban fi wata huɗu da zuwa ba ya ce in raka shi haraj, filin da ake gwanjon motoci bayan la'asar. A hanya ya yi mini bayanin abin da ya kai shi. Yana gina gida a Funtua, ɗaki huɗu, bulo na hawa a hankali. Rufi ne ba ya yiwuwa da kaɗan-kaɗan, dole a yi shi gaba ɗaya.

Ya ce, "Baƙo a ƙasar nan ba ya sayen fili, ba ya sayen gida. Kuɗi kuma in suna hannuna, wasiƙa ɗaya daga gida ta isa ta kwashe su, ni ban iya cewa babu ba. Mota nake so in ajiye su a ciki. Ranar da zan koma in sayar, in rufa gidana."

Muna shiga idona ya faɗa kan wata ƙaramar mota 'yar Japan, kusan sabuwa, tana walƙiya. Na ja hannunsa. Ko tsayawa bai yi ba. Ya ce wannan yanzu ta fara faɗuwa, kowace shekara sai ta zubar da wani abu na darajarta, shi wadda ta gama faɗuwa yake nema. Na nuna masa wata tsohuwar Marsandi baƙa. Ya ce kyakkyawa ce, amma kayan gyaranta sun fi ƙarfin mai tsaron sito.

Can ƙarshen fili muka tarar da wani dattijo Balarabe a tsaye kusa da wata Kabris, mota 'yar Amurka irin mai kusurwa huɗun nan ta farkon shekarun tamanin, ruwan madara, faffaɗa, rufinta ya ɗan koɗe. A raina na ce wannan ai kwale-kwale ne. Kawu kuwa ya yi sallama ya fara tambaya. A ina ta zauna? Dattijon ya ce Ta'if, shi malamin makaranta ne da ya yi ritaya, kuma shi ya saye ta sabuwa. Kawu ya juyo ya ce mini da Hausa, "Ka ji ko? Iskar dutse ta sha, ba gishirin tekun Jidda ba." Ya shimfiɗa kwali ya kwanta ƙarƙashinta da farar jallabiyarsa. Ya tashi ya sa a tayar da inji, ya saurara ido a rufe. Sannan ya bi bakin kowace ƙofa yana shafawa da yatsa, ya buɗe murfin tanki ya leƙa, ya duba robar gilasai ɗaya bayan ɗaya. Ni a zatona tsatsa yake nema. Ban tambaya ba, don tsohon ɗan gareji ba ya tambaya a gaban mutane.

Da muka dawo da ita na kasa haƙuri na ce, "Kawu, wa zai sayi wannan nan da shekara goma?"

Ya ce, "Dubi yaran garin nan. Kusan kowannensu a bayan irin wannan ubansa ya kai shi makaranta, ya kai shi bakin teku ranar Alhamis. Bari su girma su kama aiki. Da ƙafarsu za su zo nemanta."

Shekara bakwai motar ta yi a hannunsa. Aiki a ƙafa yake zuwa, ita kuma tana rufe da wani tanti da ya sa tela ya ɗinka mata. Ranar Juma'a ce ranarta. Bayan masallaci sai ya yaye tantin, ya wanke ta da bokiti ɗaya, mu shiga mu zaga gari, kaset ɗin karatu yana tashi a hankali, ƙamshin turaren wuta ya kama kujerun. In mun je shan iska bakin teku, sai ya ajiye ta can nesa mu taka, wai kar iskar ruwa ta taɓa ta. Ina yi masa tsiya cewa ko amarya ba a lallaɓa ta haka. Ina kewar waɗannan Juma'o'in ƙwarai. A cikin motar nan na ji labarin ƙuruciyar mahaifiyata, a cikinta na koyi rabin Larabcin da na iya.

Maganarsa kuwa ta fara fitowa. Samarin gari sukan tsayar da mu a kan hanya su ce, "Lil bai', ya ammi?" wato ta sayarwa ce, baffa? Sai ya yi murmushi ya ce tukuna.

Da gwiwoyinsa suka fara ba shi wahala, ya yanke shawarar komawa gida bayan ƙaramar Sallah. Iyalinsa suna gidan haya a Funtua, ya yi musu alkawarin damina mai zuwa a gidansu za su yi ta. Ya riga ya sa an auna kwano da katako na ɗakunan huɗu, kuɗin motar zai rufe su daidai. Ga kuma ƙa'ida: ba a ba mutum izinin fita ta ƙarshe in akwai mota da sunansa. Don haka dole a sayar kafin ranar tafiya.

Goman ƙarshe na azumi ya tafi Makka i'itikafi, na ban kwana. Ya bar mini makulli ya ce in riƙa tayar da inji duk kwana biyu. Iyakar abin da ya ce ke nan.

Ranar farko da na yaye tantin na tsaya ina kallon rufin da ya koɗe da wani ɗan karce a but, sai shawara ta zo mini. A Kaduna ba mai kai mota kasuwa bai fesa mata fenti ba. Fenti ne ke kiran mai saye. Na ce ga mutumin da ya kawo ni, ya ciyar da ni, ban taɓa yi masa komai ba, ga kuma abu ɗaya da na fi shi sani. Na ɗauki motar na kai unguwar Bani Malik, wurin wani abokina ɗan Chadi da ke aiki a warsha, wato garejin fenti.

Ya zaga ta ya shafa bakin ƙofa, irin yadda kawu yake yi. Ya ce, "Ya akhi, wannan fentin wakala ne, wanda ta fito da shi daga kamfani. Mai motar ya san ka kawo ta?"

Na ce ba-zata zan yi masa.

Ya ce, "Nan ba Najeriya ba ce. Mutanen nan ba sa son mota marshusha, wadda aka fesa. Sun fi son ta da tsufanta. Ka bari ya dawo."

Na ce a raina azumi ne ya kama shi, ƙiwa yake ji. Na tuna masa shekarata shida a wannan sana'a, na kawo masa misalin motoci uku da muka fesa a Kaduna aka yi rububinsu. Ya ɗaga hannu ya ce, "Halas, shi ke nan, motarku ce." Albashina na watan ya tafi a nan, ina murna. Gaskiya kuma abokina ya iya aiki. Launin bai canza ba, sai dai motar ta koma tana ɗaukar ido, har ka ga fuskarka a jikin ƙofa.

Ranar Sallah da yamma kawu ya dawo. Na ja shi ƙofar gida na yaye tantin da kaina. Ya zaga ta sau biyu. Ya sa yatsa a bakin ƙofar direba ya bi shi har ƙasa, ya daɗe a sunkuye.

Ya ce, "Kai ka sa aka yi?"

Na ce, "Ni ne, Kawu. Goron Sallarka ne."

Ya ce, "Ka wahala, ɗana. Allah ya yi maka albarka."

Ranar bai ci abincin kirki ba. Na ce gajiyar i'itikafi ce.

Bayan hutun Sallah muka kai ta haraj. Ba mu daɗe ba wani saurayi ɗan gari ya zo da sauri, daga gani ma'aikaci ne mai abin hannu. Ya nemi izini ya shiga ya riƙe sitiyari, ya ce babansa irinta yake da ita, har launin. Na kalli kawu ina jiran ya ga aikina. Saurayin ya fito ya shafa bakin ƙofa, ya buɗe murfin tanki, ya duba robar gilashi. Fuskarsa ta canza.

Ya ce, "Marshusha ce gaba ɗaya, ya ammi?"

Kawu ya ce, "Gaba ɗaya. Ba ta taɓa hatsari ba, ado aka yi mata."

Saurayin ya ce ya yarda da maganar kawu, amma ranar da shi zai sayar, wa zai yarda da tasa? Fenti yana rufe komai, ba mai sanin abin da ke ƙarƙashi. Ya ƙara da cewa shi ma rufin da ya koɗe yake nema, don haka ta babansa take. Ya yi sallama ya tafi.

A nan na gane abin da kawu yake dubawa da yatsa tun ranar farko. Dillali kuma duk lokacin da ya ɗaga lasifika sai ya faɗi kalmar nan, marshusha, don haka ƙa'idar wurin take. Kwana uku muna zuwa. Ranar tafiya tana matsowa, ba damar jira. A rana ta uku wani mai ɗaukar fasinja ya saye ta, a kan kuɗin da bai wuce rabin abin da kawu ya sa rai ba sai da kaɗan.

A bas muka koma Sa'alaba. Na kasa kallonsa. Da ƙyar na ce, "Kawu, me ya sa ba ka gaya mini tun ranar Sallah ba?"

Ya ce, "In na gaya maka fentin zai ɓare ne? Na ce bari ka ci Sallarka da daɗi."

Na ce zan riƙa aiko masa da albashina har a cike. Ya ce ko sisi kar ya gani, ina da uwa a gida. Sannan ya ce, "Ni ma da nawa laifin. Shekara bakwai kana ganin ina shafa ƙofa, ban taɓa ce maka ga abin da nake dubawa ba."

Sai bayan shekara uku na sami zuwa gida. Tun kafin in je Funtua mahaifiyata ta tare ni da sa albarka, wai kawu ya ba ta labarin yadda na kashe albashina na gyara masa mota har masu saye suka yi ta zuwa. Iyakar abin da ya gaya mata ke nan. Na karɓi addu'ar, ban gyara mata labarin ba.

Da na je gidansa na tarar ɗaki biyu ne kawai aka yi wa rufi. Shi da matarsa a ɗaya, yara shida a ɗaya. Sauran biyun bango ne kawai, ciyawa ta tsiro a ƙasa, awaki na kwana ciki. Damina uku suka yi a haka. Washegari ban yi shawara da shi ba na tafi kasuwa, amma a bakin rumfar mai kwano na tsaya, na tuna inda rashin shawara ya kai ni, na juya na koma gida. Na durƙusa na ce masa ina neman izini in rufa ɗakunan nan. Ya ce, "To, na yarda. Amma ka tsaya a rufi. Bangon ka bar mini shi ba fenti." Yaran suka yi ta dariya ba su san dalili ba.

Ban ce na zama gwanin zaɓen tsohuwar mota ba, ko da yake in wani ya tambaye ni nakan maimaita masa na kawu: ka nemi wadda ta gama faɗuwa, ka tambayi inda ta zauna, ka bar ta yadda ka same ta. Abin da ya fi zama a raina shi ne yadda na so in burge shi fiye da yadda na so in taimake shi, shi ya sa ban ji maganar abokina ba. Da na jira kwana goma na yi tambaya ɗaya, da yaran nan ba su yi damina uku a cunkushe ba. Wannan har yanzu yana yi mini ciwo.

Mahaifiyata ta rasu ba ta san gaskiyar labarin ba, don shi bai faɗa ba, ni kuma ya hana ni. Kawu ya koma ɗaya daga cikin ɗakunan da na rufa, ya ce ya fi iska, a ciki ya yi sauran shekarunsa. Bayan rasuwarsa 'ya'yansa suka tashi yi wa gidan fenti gaba ɗaya, suka kira ni a waya su ji ko zan sa hannu. Na ce zan biya na duka gidan, amma ɗakin babansu su bar shi yadda yake.